Ranar da Aka Ce Dubu Biyu Ba Ta Kai Casa'in da Biyar Ba

Shekarar da soja suka koma bariki ina da ɗan shagon buga takardu a bakin Ƙofar Nassarawa. Kwamfuta ɗaya ce 'yar kwatano, sai firinta mai tari kafin ta fitar da kowane shafi, sai benci na masu jira. Kafin lokacin aikina bai wuce takardar neman aiki da katin ɗaurin aure ba. Da siyasa ta dawo sai bakin kowa ya buɗe. Ƙungiyoyin unguwa suna son sanarwa, masu taya zaɓaɓɓu murna suna son kalanda, masu ƙorafi a kan kwatar da ta cushe suna son a rubuta musu koke. Mafi yawansu kuma da Hausa suke so, don waɗanda ake yi domin su su karanta da kansu.

A nan gizo yake saƙa, domin kwamfutar wancan zamani ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Kowane mai buga takardu da dabararsa. Wani ya sa ɗan waƙafi a gefen harafin, wani ya bar shi tsirara mai karatu ya yi ta lalube, wasu kuma irina mu buga mu gama, sannan mu bi da baƙin biro muna lanƙwasa kan kowane harafi da hannu.

A kan wannan aiki Yaya ta same ni wata rana da ta biyo daga makaranta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni nake bi mata. Ta karanci kwamfuta a kwalejin fasaha tun lokacin da mutanen gidanmu suke zaton wani nau'in akanta ne, ta yi aure a Koki, tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata. Ta tsaya a kaina tana kallon yadda na duƙufa a kan sanarwar wata ƙungiyar matasa.

"Kai yanzu kullum haka kake yi?"

"To yaya zan yi, Yaya? Na'urar ba Bahaushiya ba ce."

"Ba Bahaushiya ba ce don ba wanda ya koya mata," in ji ta. Ta ɗauki takarda ɗaya daga cikin waɗanda na gama ta cusa a jaka, ta ce in gaida mai ɗakina.

Na manta da zancen ma. Sai da damina ta kusa fita Yaya ta aiko in je. A kan tsohuwar kwamfutar mijinta ta zana haruffan nan masu lanƙwasa, manya da ƙanana, ta kuma koya wa kibod inda zai samo su. Ka danna maɓalli ɗaya tare da k, sai ga ƙ ta fito tsaf, kamar da ma can a nan aka haife ta. Na zauna na buga sunan ƙofarmu ya fi a ƙirga, ina dariya ni kaɗai.

Ta haɗa komai a fulofi ɗaya, wato ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake zurawa a cikin na'ura. Ta ƙara masa wani ɗan furogiram da ake kira setof, wanda aikinsa shi ne ya kai kowane abu mazauninsa ba tare da mai kwamfutar ya wahala ba. Kafin ya soma, sai ya tambayi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ko ita wacce ce. A lokacin kusan kowa a Kano ɗaya daga cikin biyu yake amfani da ita, ko 95 ko 98. Akwai wata tsohuwa kafin su wadda aikin Yaya ba ya zama a kanta, shi ya sa ta ce wa setof ɗin in ya ga abin da bai kai 95 ba, ya tsaya, ya ba mutum haƙuri.

Nawa aikin shi ne sutura. Ni nake kwafar faifan, ni nake buga sitikar da ake manna masa, ni na tsara 'yar takardar bayani da Hausa, in naɗe ta in sa tare da shi a farin ambulan. A bayan ambulan ɗin muka rubuta da manyan baƙaƙe: YANA AIKI A KAN 95 ZUWA SAMA. Mu biyu muka zauna muka yarda da wannan jimla, don a ganinmu lissafi ne mai sauƙi. An yi 95, an yi 98, gobe kuma a yi wata da ta fi su lamba. Na riƙa zagayawa da ambulan ɗin a kan babur, daga shagunan buga takardu zuwa ƙananan maɗaba'u na cikin gari. Kafin a jima an san mu. In na shiga wuri sai ka ji an ce, "Ga mai ƙugiya nan ya zo."

A cikin waɗanda suka saya har da wani dattijo daga Madabo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Kowa Malam yake ce masa, ni kuwa Baba Malam, don ya koyar da ƙanin mahaifinmu. Dogon mutum ne siriri, mai farin tabarau, ba ya ɗaga murya ko da yana faɗa. Yana rubuta wani ɗan littafi ne da zai bayyana wa mutanen unguwa mene ne aikin kansila, mene ne na shugaban ƙaramar hukuma, da abin da talaka yake da ikon tambaya. Ya ce yaran da suka tashi a ƙarƙashin soja sun ɗauka hukuma aba ce da ake gudu, ba aba ce da ake yi wa tambaya ba. Da hannu ya rubuta shi, yana jiran kwamfutar da ɗansa ya yi alkawarin aiko masa daga ƙasar waje. Ambulan ɗinmu ma tun kafin ta iso ya saya ya ajiye.

Wata safiya ina buɗe shago sai ga shi da kansa, da ambulan a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na share masa benci.

"Ɗana, na'urar ta iso," ya ce. "Amma faifanku ya ce ta tsufa."

"Ta tsufa, Baba Malam? Ba sabuwa aka aiko ba?"

"A ledarta na ciro ta. Zo ka gani da idonka."

Na rufe shago na goya shi a babur har Madabo. A zauren ciki aka ajiye ta, a kan tebur da aka shimfiɗa wa sabon zane. Ban taɓa ganin kwamfuta mai kyanta ba. Da ta tashi sai na ga lambar da ban taɓa gani a kan allo ba, 2000. Na zura faifanmu, na danna setof. Ya ɗan yi gurnani, sai ga saƙon da ni da kaina na taya Yaya tsara kalmominsa: "Yi haƙuri, manhajar wannan na'ura ta tsufa. Ana buƙatar 95 zuwa sama."

Na sake gwadawa, amsa ɗaya. Malam yana tsaye a bayana da hannu biyu a baya.

"Na koyar da lissafi a firamare kafin a haife ka," ya ce. "Ban taɓa jin inda dubu biyu ta kasa casa'in da biyar ba. Amma duniya ta canza, wataƙila shi ma lissafin an yi masa juyin mulki."

Na ce masa in yana so zan buga masa littafin a shagona, ko kuma ya buga a tasa in bi masa da biro. Ya girgiza kai. Ya ce so yake ya buga da kansa, yana yi yana gyara, don littafin bai gama nuna ba. Barin haruffan tsirara kuwa bai ma taso ba.

"Ba zan fitar da littafi ina kiran shugaban ƙasa shugaban kasa ba. Ko dai a ce na kira shi maciji, ko a ce na ce ya gaza tun bai fara ba. Wa ya yi faifan nan? Kai ne?"

Na ce yayata ce, kuma ga halin da ake ciki, ta haihu, ko suna ba a daɗe da yi ba, tana gidan surukarta tana wankan jego. Ya yi mata barka, ya yi wa jaririyar addu'a, ya ce ba gaggawa.

Da la'asar na je Koki. Gidan surukarta tsohon gida ne mai soro biyu, a ƙarshen wani lungu da babur ma sai an tura shi. Hajiya, uwar mijin Yaya, ita ta ce a nan za a yi jegon, tunda mahaifiyarmu ta rasu. Na tarar da Yaya a bakin ƙofar ɗaki da kwanon kunun kanwa, fuska ta yi jajur saboda ruwan zafi. Na ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Na san abin da ya faru. Ban ce masa ya ƙirga ba, cewa na yi ya gwada rubutu da rubutu. Daga hagu yake farawa. Ya ga biyu a nan, ya ga tara a can, ya ce biyu ba ta kai tara ba, bai ko kalli sifilin da ke biye ba."

"To ai gyaran mai sauƙi ne ke nan."

"Wannan ɗin mai sauƙi ne. Abin da ke bayansa ne ban sani ba. Na ji an ce ita 2000 ba 'yar gidan su 98 ba ce, daga wani reshe ta fito, irin wanda ake sawa a manyan ofisoshi. Suna kawai ta ara."

Washegari ta gyara layin, na ruga Madabo da sabon faifai. Wannan karon setof ya wuce lafiya, ya ce an gama. Na buɗe shafi na danna maɓallin ƙ. Shiru. Haruffan suna ciki, amma kibod bai san hanyarsu ba. Abin da Yaya ta ji tsoro shi ya faru. Fayil ɗin da ta yi wa kibod na tsohon gida ne, sabuwar ba ta ma kallonsa.

Na koma na gaya mata. Ta ce ba za ta iya yi wa na'urar da ba ta gani ba magani, kamar a ce likita ya duba mara lafiya ta hanyar ɗan aike. Ita ba ta fita sai ta yi arba'in, kuma a duk waɗanda muka sani ba mai irin wannan manhaja sai Malam. Tsohuwar kwamfutar mijinta ko ɗaukarta ba za ta iya ba. Na yanke a raina cewa sai dai a jira. Na je na faɗa wa Malam haka, ina ta ba shi haƙuri.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya leƙa waje ya sa aka kira masa mai baro.

"Baba Malam, me za a yi?"

"Tunda likita ba ta fita, sai a kai mata mara lafiya."

Na ce sabuwa ce fa, ko mako ba ta yi ba, ga gidan akwai hayaƙi da yara, ga wutar Koki da ba ta da tabbas. Ya ce na'urar da ba ta iya rubuta sunan ƙasarsa ba, zamanta a zaurensa da zamanta a kwali duk ɗaya ne. Muka mayar da ita kwalayenta, aka shimfiɗa bargo a baro, aka ɗaure da igiya. Ni a gefe ɗaya, Malam a gefe ɗaya da lemarsa, muka bi lunguna daga Madabo zuwa Koki. Duk inda muka gifta sai an tambaya ko kayan lefe ne. Malam yana amsawa, "Na ilimi ne."

A soro ya tsaya, aka yi masa iso wurin Hajiya, suka gaisa ta bayan labule. Ashe sun san juna, ya koyar da mijin Yaya a aji uku. Ya yi bayanin abin da ya kawo shi. Hajiya mace ce mai kaifin baki da taushin zuciya, ba ta ɓoye abin da ke ranta.

"Malam, mai jego fa ce. Ɗanyen jiki gare ta. Mu a zamaninmu ko tsintsiya ba a bari mu ɗauka."

"Gaskiya ne, Hajiya. In kin ce a'a, yanzu mai baro zai juya da ita, kuma ba zan ji komai ba."

Sai muka ji Hajiya ta ɗaga murya ta cikin gida. "Ke 'yar nan, kina so?"

Muryar Yaya ta fito ƙasa-ƙasa. "Ina so, Hajiya."

"To na ji. Amma da sharaɗi. Bayan wankan safe, in ta ci ta ƙoshi, ta zauna zuwa azahar. Ana kiran salla a kashe. Yarinya kuma ni zan riƙe, ba za a shayar mini da jika a gaban wannan madubin ba."

Haka aka yi. Aka share ɗakin da Hajiya take ajiye kwallaye da tasoshinta, aka kafa tebur. Mijin Yaya ya aro ƙaramin janareto a wurin abokinsa, ya ajiye shi a bayan gida don ƙarar kada ta dami jaririya, ya kuma sayo sitabilaiza don kada wuta ta yi wa kayan mutane ɓarna. Hajiya ta kafa doka, ba yaron da zai taka ƙofar ɗakin. Ita da kanta take lulluɓe na'urar da zanenta in an tashi.

Ni kuma na zama ƙafar Yaya. Abin da take buƙatar sani ba ya cikin littattafanta na makaranta, don sun girmi manhajar. Sai ta rubuta mini tambaya da Turanci, in hau babur in fita waje da ganuwa zuwa wani kafe da ake shiga intanet, in zauna ina jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran tuwo ya nuna. Akwai wani zaure a intanet ɗin inda masu irin wannan aiki suke taimakon juna. Na liƙa tambayarta a can. Da na koma na tarar wani mutum ya amsa, da dogon bayani, har da misali. Ya ce shi ma ya sha wannan wahala da haruffan harshensu. Ban san ƙasarsa ba, ban san addininsa ba, sunan da ya sa ma ba na mutane ba ne. Na buga amsar a takarda na kai mata. Ta karanta tana gyaɗa kai.

"Allah Ya saka wa bawan nan da alheri. Ka ga abin da ya ce? Kada in ƙara tambayar manhaja sunanta. Sunan na 'yan kasuwa ne, gobe suna iya canza shi. Akwai lamba ta ciki wadda ba a rubutawa a kwali. Su 95 da 98 duk huɗu ne da ɗoriya. Wannan sabuwar biyar ce."

"Wato mai dubu biyun ma biyar ce kawai?"

"Biyar ce. Ka ga da Malam ya ji, sai ya ce an sake yin wani juyin mulkin."

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Akwai ranar da na zo na tarar ta haɗa kai da tebur, ta ce ƙananan haruffa sun fito, manyan sun ƙi. Akwai ranar da yarinya ta kwana tana kuka, Hajiya ta ce yau ba na'ura, kuma ba wanda ya yi musu. Malam bai taɓa aikowa ya tambayi inda aka kwana ba. Sau ɗaya ya aiko, shi ma da ƙaurin saniya ne da kayan yaji, wai a ba mai jego.

Wata ranar Laraba da hantsi na shigo na ji Hajiya tana guɗa a tsakar gida. Na ɗauka wani aka haifa a maƙwabta. Ashe Yaya ce ta kira ta, ta kama yatsanta ta ɗora a kan maɓalli, Hajiya ta danna, ɗ ta fito. Hajiya ba ta yi boko ba, allo ta yi, amma da aka nuna mata bambancin mai lanƙwasa da mara lanƙwasa ta gane nan take. Ta ce ai kamar ɗigon da ke raba wasu baƙaƙen ne a allo, in ka bar shi ka canza magana.

Aka mayar wa Malam na'urarsa a baron da ya kawo ta. Ya zauna ya buga layin farko na littafinsa a gabana da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi. Da ya zo kan "ɗan ƙasa" ya tsaya ya cire tabarau ya goge.

"Ka gaya wa Malama na gode. Ka ce Allah Ya raya abin da aka samu."

Tun daga ranar bai ƙara kiran ta da wani suna ba sai Malama.

Yanzu kaya sun zama iri biyu, sai sutura ma ta zama biyu. Na bar farin ambulan ga 95 da 98, na goge "zuwa sama". Na sayo kore na rubuta masa 2000. Na ɗauka an huta. Ba a rufa shekara ba sai ga wata sabuwa ta shigo gari a kan kwamfutocin 'yan kasuwa, ita ba lamba a sunanta, Mileniyom ake ce mata. To kowa ya san mileniyom ita ce shekarar dubu biyu, an sha jin kalmar a rediyo har ta gundure mu. Duk mai ita sai ya miƙa hannu ya ɗauki koren ambulan. Ya je gida, setof ya tambayi lambar ciki, ya ga huɗu da ɗoriya, ya ce wannan ba faifanta ba ne. Ashe duk da ta zo daga baya, 'yar tsohon gida ce, farin ambulan ne nata.

Mutane suka riƙa dawowa shago. Wani mai maɗaba'a daga wajen Kurmi ya ajiye mini koren a tebur ya ce, "Ku da kuka yi abin ma ba ku san wanne ne wanne ba, balle mu?" Na yi ta bayani har bakina ya bushe, cewa ta bayan ita ce ta gidan farko, ta gaban kuma ita ce ta gidan baya. Ni kaina in na faɗa sai in ji kamar ina warware gadon gidan da aka yi auren zumunci.

Na kai kuka wurin Yaya, lokacin ta koma ɗakinta har ta koma makaranta. Ta ce wannan karon gyaran ba a cikin faifai yake ba, a bayan ambulan yake.

"Muna tambayar mutum abin da bai sani ba, alhali na'urar ta sani. A haɗa su wuri ɗaya, setof ya zaɓa da kansa. Kai kuma kada ka ƙara rubuta shekara a jikin komai."

Duka biyun ba za su shiga fulofi ɗaya ba, sai sidi, wato faifan nan zagayayye mai ƙyalli. Na'urar da ke iya rubuta sidi kuwa a lokacin ba kowa ke da ita ba. Ta Malam tana yi. Ban so in sake ɗora masa nauyi ba, amma da labari ya kai masa shi ya aiko a kira ni. Ya ce zaurensa a buɗe yake duk ranar Asabar bayan ya karya. Na shafe watanni ina zuwa. Ina gefe ina kwafar faifai, shi yana kan tabarma yana karanta mini babin da ya gyara, yana tambaya ko mai sayar da goro zai gane wannan jimla. In na ce da wuya, sai ya soke ta ya sake. A zauren nan na koyi yadda ake rubuta Hausar da ba ta wahalar da mai karatu, ban kuma biya ko sisi ba, sai ma shayi da ake kawo mana daga cikin gida.

Sabuwar sitikar ba ta da lamba ko ɗaya. Cewa kawai muka yi: SAKA SHI, ZAI NEMI HANYARSA.

Littafin Malam ya fito kafin azumi. Siriri ne, mai shuɗin bango. An karanta shi a zaurukan unguwa da makarantun dare na manya. Na ga ranar da wani tela ya tashi a taron unguwa da littafin a hannu, ya tambayi kansila a kan kwatar bakin masallaci, bai kuma zauna ba sai da aka amsa masa. Malam yana can baya a zaune yana kallo.

Da aka sake fito da wata manhajar, wadda sunanta haruffa biyu ne kawai na Turanci, na ce sai na gwada. Na ɗauki sidi na tafi shagon wani abokina da ya sa ta, na zura ina karanto duk addu'ar da na iya. Setof ya tambaya, aka ce masa biyar da ɗigo ɗaya, ya ɗauko kayan sabon gida ya jera. Ƙ ta fito. Na je wurin masu wayar kan tebur na buga wa Yaya a makaranta, aka kira ta daga aji.

"Ya yi, Yaya! Ba a taɓa komai ba, ya yi!"

"To alhamdu lillahi. Yanzu saboda wannan ka fito da ni daga aji?" Amma ina jin murmushinta ta cikin wayar.

Malam ya rasu bayan 'yan shekaru, da rana, bayan gajeriyar jinya. Mun je gaisuwa ni da Yaya da Hajiya, wadda ta ce ko da sanda sai ta taka. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ita ma Hajiya ta bi shi daga baya, Allah Ya haskaka kabarinta. Faifanmu kuwa zamani ne ya yi masa ritaya, don an zo lokacin da na'urori suke zuwa da haruffan Hausa tun daga inda aka ƙera su, har wayar hannu.

Amma kafin hakan, wata rana ina wucewa ta gaban wani mai baza faya-fayai a kan tebur kusa da Ƙofar Nassarawa, sai idona ya faɗa kan wani sidi a leda mai ƙyalli. An yi masa hoton kwamfuta da tutar ƙasa, an sa masa wani suna na Turanci mai tsawo. Na juya bayansa, sai ga bayanina, kalma da kalma, har da wani waƙafi da na san ni na sa shi a inda bai dace ba. Raina ya ɓaci. Na saya ɗaya na wuce Koki kai tsaye, na ajiye shi a gaban Yaya ina huci.

Ta juya shi, ta karanta bayan, ta kunna kwamfuta ta zura. Muka zuba ido har ya gama. Ta buɗe shafi ta danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙanana, duk suka fito.

"Bai lalata komai ba," ta ce. "A ina ya ce yana samun masu saye?"

Na ce mai teburin ya gaya mini har daga Zinder da Maraɗi ake zuwa a sara.

Ta zare faifan ta mayar a ledarsa, ta ɗaga shi tana kallon hoton.

"Ka ga kuwa ledarsu ta fi ambulan ɗinka kyau. Zauna ka ci abinci, dambu aka yi."